Farfesa Viktor Hamburger: Malamin da Ya Share Fagen Binciken Jijiya, Nobel Ta Tsallake Shi

Cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiya sun zama abin da kusan kowane gida ya sani, ko dai ta dattijon da mantuwa ta kama har ya daina gane 'ya'yansa, ko ta magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye dare ɗaya, ko ta yaron da farfaɗiya ta raba da makaranta. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa a 2024 sun nuna cewa fiye da mutum ɗaya cikin uku a duniya yana fama da wata larura da ta shafi wannan sashe na jiki, idan aka haɗa har da matsanancin ciwon kai, kuma masu ciwon mantuwa kaɗai sun haura miliyan 55, masu farfaɗiya kuwa suna wajen miliyan 50.

Wannan nauyi ya sa gwamnatoci da masu ba da kuɗin bincike suka ƙosa su ga magani, su kuma jami'o'i, daga Amurka har Najeriya, suka koma auna kowane malami da yawan maƙalolin da ya wallafa da girman tallafin da ya jawo, alhali awoyin da ya shafe a aji, da ɗaliban da ya raina, da ɗakin gwaje-gwajen da ya kafa domin wasu su yi aiki a ciki, ba kasafai suke samun gurbi mai nauyi a takardar ƙarin girma ba. Tarihin ilimin halittar jijiya, wato fannin bayoloji da ke nazarin yadda ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi suke tsirowa suke kuma aiki, yana da misalin da ke nuna hatsarin wannan ma'auni ƙarara.

A ɗakunan gwaje-gwaje da yawa a yau, ɗalibi yakan ɗauki ƙwan kaza daga na'urar ƙyanƙyasa, ya fasa ƙaramar taga a jikin ɓawon, ya leƙa da madubin ƙara girman abu, sannan ya buɗe wani jadawali mai hotuna ya kwatanta abin da ya gani kafin ya rubuta matakin da tayin ya kai. Jadawalin yana ɗauke da sunan Viktor Hamburger, farfesan bayoloji a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis na jihar Misuri, wanda ya rayu daga 1900 zuwa 2001, wanda kuma a sashensa aka gano sinadarin da ya ci kyautar Nobel ta 1986 ba tare da an ambaci sunansa ba.

Daga Freiburg zuwa Shikago

An haifi Hamburger a garin Landeshut na yankin Silesiya, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yanzu kuma yana cikin Folan. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Freiburg, ya kammala a 1925 a hannun Hans Spemann, shehin malamin da ya shahara wajen yi wa tayin wasu ƙananan halittun ruwa, dangin kwaɗo, tiyata da allurar gilashi da zargen gashin jariri.

Fannin Spemann shi ne nazarin tayi ta hanyar gwaji, wanda ya sha bamban da kallon tayi kawai ana zana abin da aka gani, domin shi mai gwaji yakan cire wani yanki ya dasa shi a wani wuri ya ga abin da zai faru, ta haka ya gane wane sashe ne ke ba wa wani umarni. A ɗakin gwajin Spemann ne abokiyar karatun Hamburger, Hilde Mangold, ta yi gwajin da ya nuna cewa wani ɗan ƙaramin yanki na tayi yana iya sa maƙwabtansa su zama laka da ƙwaƙwalwa. Ta rasu sakamakon gobarar murhu a 1924, shekarar da aka wallafa aikin, aka kuma ba Spemann Nobel a 1935. Hamburger bai manta da ita ba, domin bayan fiye da shekara sittin ya rubuta littafin tarihin wannan ɗaki, ya fito da rawar da ta taka.

A 1932 ya sami tallafin Gidauniyar Rockefeller ya tafi Jami'ar Shikago, ɗakin Frank Lillie, domin ya gwada fasahar Spemann a kan tayin kaza. Yana can ne 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, aka kore shi daga aikinsa na Freiburg saboda asalinsa na Yahudawa, tafiyar shekara guda ta zama ƙaura. A 1935 Jami'ar Washington ta ɗauke shi a sashen nazarin dabbobi, wanda daga baya ya shiga cikin sashen bayoloji, kuma a can ya ƙare rayuwarsa ta aiki.

Tambayar da fiffike ya jawo

Kalmar jijiya a nan tana nufin jijiyar saƙo, wadda ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka, ta kuma dawo da labarin zafi da sanyi da taɓi daga fata, ba jijiyar jini ba. Kowace irin wannan jijiya damin zare ce, kuma kowane zare reshe ne da ya miƙo daga ƙwayar jijiya guda, wato ƙwayar halittar da jikinta ke zaune cikin laka ko cikin wasu ƙananan dunƙule da ke jere a gefenta, reshenta kuma ya yi tafiya mai nisa zuwa gaɓar da yake yi wa hidima.

Tambayar da ta dami masana ita ce yadda jiki yake daidaita yawan waɗannan ƙwayoyi da girman gaɓar, tunda sashen laka da ke kula da ƙafa ko fiffike ya fi na tsakiyar baya cika da ƙwayoyi nesa ba kusa ba. Hamburger ya ɗauki tayin kaza na kwana biyu zuwa uku, ya cire tsiron da zai zama fiffike, ya rufe ƙwan ya mayar da shi cikin ɗumi, bayan kwanaki kuma ya yanka lakar siriri-siriri ya ƙirga ƙwayoyin. Sakamakon da ya wallafa a 1934 ya nuna cewa gefen da ya rasa fiffike yana da ƙarancin ƙwayoyin jijiya sosai, ma'ana gaɓar tana da ta cewa a kan cibiyar da ke sarrafa ta.

Abin da ya gani daidai ne, amma fassarar da ya yi masa ta kauce. Tarbiyyar Freiburg ta sa ya ɗauka cewa fiffiken yana aika saƙo ne da ke sa sababbin ƙwayoyi su rikiɗa su zama na jijiya, in babu fiffike kuma sai ƙwayoyin su ƙi samuwa tun asali. Duk da haka ya yi hasashen cewa saƙon yana bin zaren jijiyar ne ya koma baya zuwa cibiya, kuma wannan ɓangare na tunaninsa ya tabbata bayan shekaru masu yawa.

Gyara daga ɗakin kwana a Turin

Wadda ta gyara fassarar ita ce Rita Levi-Montalcini, likita 'yar Italiya da aka haifa a Turin a 1909, ta kuma kammala karatun likita a 1936 a hannun Giuseppe Levi, malamin da uku daga cikin ɗalibansa suka ci Nobel daga baya, wato ita da Salvador Luria da Renato Dulbecco. Dokokin wariyar da gwamnatin Mussolini ta kafa a 1938 sun raba ta da jami'a saboda ita ma Bayahudiya ce, sai ta kafa ƙaramin ɗakin gwaji a ɗakin kwananta, ta wasa alluran ɗinki suka zama wuƙaƙen tiyata, ta maimaita gwajin Hamburger bayan ta karanta maƙalarsa, malaminta Levi yana taimaka mata.

Bambancin aikinta ya zo ne ta hanya biyu. Ta yi amfani da rinin azurfa, wanda ke fito da zaren jijiya baƙi wuluk a ƙarƙashin madubi, kuma maimakon ta duba tayin sau ɗaya a ƙarshen gwaji, sai ta riƙa bin sa mataki-mataki. Da haka ta ga cewa ƙwayoyin suna samuwa yadda ya kamata, suna miƙa rassansu zuwa inda gaɓar da aka cire ya kamata ta kasance, sai daga baya, da ba su tarar da komai ba, suke yanƙwanewa su mutu. Ke nan aikin gaɓar shi ne riƙe ran ƙwayar da ta riga ta samu. Tunda mujallun Italiya sun rufe wa Yahudawa ƙofa, a Beljiyam da kuma cibiyar kimiyya ta Fadar Paparoma aka buga sakamakon.

A nan ne halin Hamburger na malami ya bayyana, kuma wannan mataki ya cancanci a tsaya a kansa fiye da yadda littattafan tarihi suke yi. Da ya karanta aikin bayan yaƙi, ya ga wata baƙuwa da ba ta da muƙami ta rushe fassararsa, sai ya rubuta mata a 1946 ya gayyace ta St. Louis domin su sake gwajin tare su ga wanda ya yi daidai. Shugaban sashe da ke tsoron zubewar girma yana da hanyoyi da yawa na yin watsi da irin wannan maƙala, musamman da yake an buga ta a inda kaɗan ne za su gani. Ta iso a 1947 da niyyar zama na 'yan watanni, ta shafe kusan shekara talatin, ta zama cikakkiyar farfesa a 1958.

Maƙalar da suka fitar tare a 1949 ta tabbatar da ra'ayinta, ta kuma ƙara abin da ya fi shi girma: ko a tayi mai lafiya wanda ba a taɓa ba, ƙwayoyin jijiya masu ɗimbin yawa suna mutuwa, musamman a sassan da ba sa kula da fiffike ko ƙafa. Jiki yana samar da su fiye da bukata, sannan ya rage. Lamarin ya yi kama da manomin da ke zuba iri da yawa a rami guda, in sun tsiro ya cire wasu ya bar gwargwadon abin da ƙasar za ta iya ciyarwa.

Aji, sashe da jadawali

Duk wannan bincike yana gudana ne alhali Hamburger yana ɗauke da shugabancin sashe, wanda ya riƙe daga 1941 zuwa 1966, tare da koyar da ɗaliban digiri na farko ilimin tayi shekara bayan shekara. A lokutan hutun bazara kuma, daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1940, yakan koyar a kwas ɗin nazarin tayi na cibiyar binciken halittun teku da ke Woods Hole, har ya jagorance shi na wasu shekaru, ya kuma karkata shi daga kallo da zane zuwa gwaji da hannu.

Daga wannan koyarwa ne littafinsa na 1942 ya fito, jagoran aikin gwaji a kan tayi, wanda ke nuna wa ɗalibi yadda zai ja allurar gilashi a kan wuta, ya ɗaura zargen gashi, ya yi dashe da kansa. Fasahar da a Jamus ake gadonta hannu da hannu daga malami zuwa almajiri kaɗan sai ta zama abin da kowane ɗalibi mai haƙuri zai iya koya da kayan da ba su da tsada.

Jadawalin da aka ambata a baya ya fito ne a 1951, aikin haɗin gwiwa da Howard Hamilton, wanda a lokacin yake sabunta littafin Lillie a kan tayin kaza. Matsalar da suka magance ƙarama ce a ido amma tana ɓata bincike. Ƙwan kaza yana ɗaukar kimanin kwana 21 kafin ya ƙyanƙyashe, kuma masana sun saba bayyana tayi da awoyin da ya yi a ɗumi, alhali ƙwai biyu da aka sa rana ɗaya suna iya bambanta sosai saboda zafin na'ura, da irin kazar, da tsawon zaman ƙwan kafin a sa shi. Sakamakon haka, masani a Shikago da wani a Turin suna iya cewa sun duba tayin kwana uku, amma abin da ke gabansu ba ɗaya ba ne.

Hamburger da Hamilton sun raba girman tayin zuwa mataki 46 bisa siffar da ido ke gani, kamar tsawon tsiron fiffike, da bayyanar yatsu, da tohon gashi, kowane mataki da hotonsa. Babu wani sabon sirri da aka tono a wannan maƙala, kuma kwamitin da ke neman abin mamaki ba zai dube ta sau biyu ba, amma ta shiga sahun maƙalolin bayoloji da aka fi ambata, har aka sake buga ta a 1992 saboda bukatarta ba ta ragu ba. Irin wannan aiki ba ya fitowa sai daga mutumin da ya daɗe yana ganin inda ɗalibai da abokan aiki suke tuntuɓe.

Ƙarin ɓera da dafin maciji

Mataki na gaba a binciken jijiyar ma daga aji ya ɓullo. Elmer Bueker, tsohon ɗalibin Hamburger, ya dasa wani ƙari na ciwon daji daga ɓera a jikin tayin kaza, ya ba da rahoto a 1948 cewa jijiyoyi sun kutsa cikin ƙarin, dunƙulen ƙwayoyin da ke kusa kuma sun ƙara girma. Hamburger ya nuna wa Levi-Montalcini rahoton, suka nemi izinin Bueker suka ci gaba da aikin.

Abin da ta gani ya zarce na Bueker, domin jijiyoyi sun mamaye gaɓoɓin ciki da ke nesa da ƙarin, har suna shiga jijiyoyin jini. Domin a tabbatar da dalili, aka dasa ƙarin a kan tantanin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ɓawon ƙwai, wanda jini ne kaɗai ya haɗa shi da tayin, aka kuma sami sakamako iri ɗaya. Wannan ya nuna cewa ƙarin yana sakin wani sinadari ne da ke bin jini.

A 1952 ta tafi Rio de Janeiro a Barazil da ɓeraye biyu masu ɗauke da ƙarin, zuwa wurin ƙawarta Hertha Meyer, ƙwararriya a rainon nama a cikin faranti. A can ta ajiye ɗan dunƙulen ƙwayoyin jijiya kusa da gutsuren ƙari, cikin kwana guda zarurruka suka fito suka kewaye shi ta kowace fuska. Ta riƙa aika wa Hamburger wasiƙu da zanen abin da take gani. Muhimmancin gwajin shi ne cewa abin da a da yake cin makonni a cikin ƙwai ya koma aikin awoyi, don haka ana iya gwada ruwa iri-iri a ga wanne ne ke ɗauke da sinadarin.

Tace sinadarin aikin masanin kimiyyar sinadaran jiki ne, kuma Hamburger ne ya ɗauko matashi Stanley Cohen a 1953 domin wannan aiki. A 1954 su uku suka sanar da samun abin da aka sa wa suna sinadarin haɓaka jijiya, wanda masana ke taƙaitawa da NGF. Domin a gane ko furotin ne ko wani abu dabam, Arthur Kornberg, wanda yake jami'ar a lokacin, ya ba Cohen shawarar amfani da dafin maciji, saboda yana ɗauke da abin da ke narkar da sinadaran gado. Sai ga shi dafin da kansa ya fi ƙarin ɓera ƙunsar sinadarin ninkin-ba-ninkin. Tunda jakar dafi 'yar'uwar jakar yawu ce, Cohen ya duba jakar yawun namijin ɓera, ya tarar da shi jingim. A 1960 aka nuna cewa idan aka yi wa jaririn ɓera allurar da ke kashe ƙarfin sinadarin, wani rukuni na jijiyoyinsa, masu sarrafa abubuwan da jiki ke yi ba da nufi ba, yana kusan ƙarewa, wanda ya tabbatar da cewa jiki mai lafiya yana dogaro da shi.

Tun bayan maƙalar 1954 Hamburger ya janye sunansa daga aikin, domin ya shiga fagen da ba nasa ba. A jami'o'i da yawa, a da da yanzu, shugaban sashe yakan sa sunansa a kowace takarda da ta fita daga ƙofarsa ko da bai taɓa kayan aiki ba. Shi ya zaɓi akasin haka, kuma wannan gaskiya ta zama ɗaya daga cikin hujjojin da aka kafa a kansa daga baya. Akwai kuma inda hannunsa ya gaza: bai iya samar wa Cohen kujera ta dindindin ba, sai Cohen ya koma Jami'ar Vanderbilt a 1959, inda ya bi diddigin wani sinadari na biyu daga jakar yawun ɓera, mai haɓaka fata.

Tsawon jira kafin magani

Masu neman sakamakon gaggawa suna da darasi a abin da ya biyo baya. A farkon shekarun 1980 aka tace ɗan'uwan NGF na farko daga ƙwaƙwalwar alade a Jamus, aka kuma gane cewa iyali ne babba. Fata ya yi yawa cewa za a magance ciwon mantuwa da cutar da ke kashe ƙwayoyin sarrafa tsoka, amma gwaje-gwajen da aka yi a kan marasa lafiya ba su ba da abin da aka so ba, wani ɓangare saboda wahalar isar da furotin cikin ƙwaƙwalwa, wadda ke da shingen da ke tace abin da jini ya kawo. Wani maganin ciwon gaɓɓai da aka ƙera domin toshe NGF ma an dakatar da shi a 2021 saboda illar da yake yi wa mahaɗar ƙashi a jikin wasu.

Nasarar da ta tabbata ta zo a 2017 a Turai da 2018 a Amurka, lokacin da aka amince da maganin ɗigawa a ido da aka yi da NGF domin wani gyambon ido da lalacewar jijiya ke jawowa, wato fiye da shekara tamanin bayan gwajin fiffike. Layin binciken da Cohen ya buɗe kuwa ya kai ga magungunan wasu nau'o'in ciwon daji na nono da huhu. Babu mai ba da tallafi a 1934 da zai iya hango ɗaya daga cikin waɗannan a tayin kaza.

Taƙaddamar 1986

Da aka sanar da Levi-Montalcini da Cohen a matsayin waɗanda suka ci Nobel a fannin likitanci, masana jijiya da dama sun yi mamaki, musamman da yake ƙa'idar kyautar ta yarda da mutum uku, kujera guda kuma ta zauna babu kowa. Shekara uku kafin haka, a 1983, Jami'ar Columbia ta haɗa su ukun a kyautar Horwitz.

Masu kare hukuncin suna cewa wasiyyar Alfred Nobel ta yi magana ne a kan ganowa, ba a kan hidimar rayuwa ba, kuma abin da aka karrama shi ne sinadaran haɓaka guda biyu, waɗanda idon Levi-Montalcini da hannun Cohen suka fito da su. Suna ƙarawa da cewa fassarar Hamburger ta farko kuskure ce, ba ya Rio lokacin da aka ga zarurrukan, kuma shi da kansa ya janye. Ita ma Levi-Montalcini, a wata hira da ta yi bayan kyautar, ta rage girman rawar da ya taka, abin da ya sa dangantakar shekara arba'in ta yi tsami. Akwai kuma masu tunatarwa cewa tarihin kimiyya cike yake da mata da aka danne aikinsu aka ba shugabanninsu maza, don haka fito da ita fili gyara ne da ya dace.

Ɗaya ɓangaren, wanda masana irin su Dale Purves da Joshua Sanes suka bayyana a rubuce jim kaɗan bayan kyautar, da W. Maxwell Cowan a dogon nazarinsa na 2001, yana kallon tsarin aikin gaba ɗaya. Tambayar ta Hamburger ce, tsarin gwajin nasa ne, ɗalibinsa ne ya kawo ƙarin, shi ya gayyato ɗaya ya ɗauko ɗayan, kuma sunansa yana kan maƙalolin 1949 da 1951 da 1954 da suka kafa ginshiƙin.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi. Cancantar Levi-Montalcini ba abar jayayya ba ce, kuma sa Hamburger a kujera ta uku ba zai rage ta da komai ba. Abin da hukuncin ya bayyana shi ne gazawar ma'aunin da ke ganin lokacin da aka gano abu, ya kasa ganin shekara ashirin na tambaya da koyarwa da haɗa mutane da suka sa lokacin ya yiwu. Wannan ma'auni ne jami'o'i suka ara daga kwamitocin kyauta suka ɗora wa malamansu, har matashin malami ya fahimci cewa awa guda da ya ba ɗalibi asara ce a lissafin ƙarin girmansa.

Aiki har tsufa

Hamburger bai tsaya ba bayan ya bar NGF. A shekarun 1960 ya nuna cewa motsin da ɗan tsako yake yi a cikin ƙwai daga lakarsa yake tasowa, ko da an yanke saƙon da ke zuwa daga fata, wanda ya saɓa wa ra'ayin da ke cewa duk motsi martani ne ga abin da ya taɓa jiki. A 1975, bayan ya yi ritaya a hukumance, ya ƙirga ya nuna cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke sarrafa tsokar ƙafa suna mutuwa a tayi mai lafiya, a shekarar da ta biyo kuma shi da Margaret Hollyday suka nuna cewa dasa ƙarin ƙafa yana ceto wasunsu. A 1981, yana da fiye da shekara tamanin, ya fitar da aikin da ya nuna cewa allurar NGF tana rage irin wannan mutuwa a ƙwayoyin da ke cikin dunƙulen gefen laka.

Levi-Montalcini ta koma Italiya, ta zama sanata ta tsawon rai a 2001, ta kafa cibiyar binciken ƙwaƙwalwa a birnin Rum, gidauniyar da ta kafa da 'yar'uwarta tagwaye kuma ta ɗauki nauyin karatun mata da 'yan mata masu yawa a ƙasashen Afirka kafin rasuwarta a 2012 tana da shekara 103.

Shi kuwa Hamburger, gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo ta ƙasa a kan kimiyya a 1989, ya rasu a St. Louis ana saura makonni ya cika shekara 101. Bayan rasuwarsa, ƙungiyar masana nazarin girman tayi ta Amurka ta sa sunansa a kan kyautar da take bai wa malamin da ya fi fice wajen koyarwa.